Yadda Ruwa Ya Zama Matatar Guba a Tashoshin Nukiliya

A watan Oktoba na 1957 wuta ta kama tukunyar nukiliya ta Windscale a arewa maso yammacin Ingila. Da iska ake sanyaya tukunyar, don haka hayaƙin ya bi dogon bututun hayaƙi ya fita sarari, ɗauke da aidin mai guba da aka ƙiyasta ya kai kuri 20,000 (kuri ma'auni ne na ƙarfin gubar nukiliya). Aidin irin wannan kan sauka a kan ciyawa, shanu su ci, ya shiga madara, daga nan ya taru a halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Dole hukuma ta sa aka riƙa zubar da madarar gonakin da ke cikin faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 500.

Shekara 22 bayan haka, ranar 28 ga Maris 1979, tukunya ta 2 a tashar Three Mile Island da ke jihar Pensilbaniya a Amurka ta rasa ruwan sanyaya ta, har kusan rabin makamashin da ke cikinta ya narke. Bisa lissafin da hukumomi ke aiki da shi a lokacin, aidin mai ɗimbin yawa ne ya kamata ya tashi a matsayin iska. Da aka auna, abin da ya fita waje bai wuce kuri 15 ko makamancin haka ba, alhali iskar zinon da kirifton sun tsere da miliyoyin kuri. Ina aidin ɗin ya maƙale?

Cikin ruwa aka same shi. A 1980 wasu masana uku, ciki har da William Stratton na cibiyar Los Alamos, suka rubuta wa hukumar kula da harkar nukiliya ta Amurka cewa a tukunyar da ke cike da tururi aidin ba ya yawo shi kaɗai. Haɗuwa yake yi da siziyom su zama gishiri, gishiri kuwa da ya taɓa ruwa sai ya narke. Wannan wasiƙa na cikin abubuwan da suka sa aka sake duba tsohon lissafi, aka kuma juya ga wani tafki da ya daɗe a ƙarƙashin wasu tashoshi ana yi masa kallon abin rage zafi kawai.

Kamfanin General Electric ne ya kawo wannan tafki. Gina katafaren rumbun ƙarfe da kankare da zai iya riƙe duk tururin da zai fashe idan babban bututu ya tsinke abu ne mai tsada ƙwarai, sai injiniyoyinsa suka ce a yi ƙaramin rumbu, a tura tururin cikin ruwan sanyi ya koma ruwa, matsi ya faɗi. Tashar Humboldt Bay a Kalifoniya, wadda ta fara aiki a 1963, ita ta fara amfani da dabarar. Daga nan aka samu ƙirar Mark I, inda tafkin ke zagaye da gindin tukunya cikin ƙaton zoben ƙarfe mai ɗaukar lita miliyoyi. Ba kowa ya gamsu ba. A 1972 Stephen Hanauer, jami'i a hukumar makamashin atom ta Amurka, ya ba da shawarar a daina amincewa da irin wannan rumbu saboda ƙanƙantarsa da kuma yiwuwar tururi ya sami hanyar kauce wa ruwan. Ba a karɓi shawararsa ba.

Bayan 1979 aka shiga gwaje-gwaje a Amurka, sannan a cibiyar CIEMAT ta Sifen da cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan, ana hura iska mai ɗauke da burbushi cikin tankunan ruwa ana auna abin da ya shiga da abin da ya fito. Aikin da ruwan ke yi ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Iska kan fito daga bakin bututu a dunƙule, nan take ta tarwatse zuwa ƙananan kumfa masu faɗin 'yan milimita, su riƙa tasowa da saurin kusan santimita 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Kowace kumfa ɗan ɗaki ce mai bangon ruwa, burbushin kuma yana ciki. In ya taɓa bangon, an kama shi. Manyan ƙwayoyi nauyinsu ke kai su ƙasan kumfar. Iskar da ke cikin kumfa juyawa take yi yayin da take tasowa, wannan juyi kuma yana wurga masu ɗan nauyi gefe. Mafi ƙanƙanta kuwa ba sa zama wuri ɗaya, ƙwayoyin iska na ta bugun su nan da can har su ci karo da bango. Ga kuma tururi: in ruwan tafkin da sanyi, tururin da ke cikin kumfa kan ruga ya narke a bango, ya kwashi burbushi ya tafi da shi. Gishirin aidin da siziyom ma yana shan laima ya kumbura, ya ƙara nauyi, ya zama mai sauƙin kamawa.

Matsalar tana wurin ƙwayoyin tsakiya, masu girman kashi ɗaya cikin goma na maikiron zuwa maikiron guda (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Ba su da nauyin faɗuwa, ba su kuma kai ƙanƙantar da za a riƙa wurga su ba. Duk wanda ya ga tukunyar shisha ya ga wannan da idonsa: hayaƙi na ratsa ruwa yana ɓulɓulowa, amma ya fito fari fat, domin ƙwayoyinsa na cikin wannan aji ne. Shi ya sa sakamakon gwaje-gwajen ya bambanta sosai. Wani lokaci cikin kashi dubu ɗaya ne kawai ke tsira, wani lokaci kuma abin da ke tsira ya kai kashi ɗaya cikin goma ko ma fiye, musamman idan ruwan ba zurfi ko ya kai ga tafasa. Zinon da kirifton kam ba ruwansu da ruwa, wucewa suke yi. Haka aidin da ya haɗu da sinadaran fenti da roba ya koma iska. In kuma ruwan ya yi tsami, aidin da ya riga ya narke na iya sake tashi, dalilin da ya sa ake zuba masa sinadari mai kashe tsami ke nan.

Ƙasar Suwidin ce ta fara ɗaukar wannan ilimi da gaske. A 1985 ta kammala wata ƙatuwar matata ta tsakuwa, mai ɗaukar kubik mita 10,000, a tashar Barsebäck da ke fuskantar birnin Kofanhagan. Zuwa ƙarshen 1988 sauran tashoshinta duk sun sami tankin ruwa na musamman, wanda iskar da ake saki daga rumbu don rage matsi ke shiga ta cikin tsukakkun bututu masu feshi da ƙarfi don a kama har ƙwayoyin tsakiyar nan. Sharaɗin gwamnati shi ne a tsare kashi 99.9 cikin ɗari na siziyom, mai lalata ƙasar noma shekaru da dama. Bayan masifar Chernobyl ta 1986 Jamus ta bi sahu, Faransa kuma ta zaɓi matatar yashi.

Japan ba ta yi ba, kuma a watan Maris na 2011 aka ga abin da hakan ke nufi. Tukwane uku da suka narke a tashar Fukushima Daiichi duk ƙirar Mark I ne. A tukunya ta 1 da ta 3 ma'aikata sun yi nasarar buɗe hanyar rage matsi ta saman tafki a ranakun 12 da 13, wato iskar da ta bi wannan hanya ta ratsa ruwa kafin ta fita. A tukunya ta 2, mai ruwa kusan lita miliyan 3 a zobenta, buɗewar ba ta yiwu ba. Ranar 15 matsin rumbun ya faɗi, alamar iska ta sami kafa ta fice ba tare da ta bi ta ruwa ba. Daga baya iska ta juya arewa maso yamma, ruwan sama da dusar ƙanƙara suka sauko da gubar a kan ƙauyen Iitate da kewayensa, kuma binciken kamfanin TEPCO, mai tashar, ya karkata ga cewa wannan tukunya ce babban tushen gurɓatar. Abin da Hanauer ya ji tsoro shekara 39 kafin nan shi ne ya faru, mutanen ƙauyuka kuma suka bar gonakinsu da shanunsu na tsawon shekaru.

A 2013 sabuwar hukumar nukiliya ta Japan ta wajabta matata a hanyar rage matsi ga duk tukunya irin wannan kafin a sake kunna ta. A Amurka ma'aikatan hukumar kula da harkar nukiliya sun ba da shawarar a yi haka, amma shugabanninta suka tsaya ga ƙarfafa bututun rage matsi da tanadin ƙarin ruwa, suka rufe batun matata a 2015 bisa hujjar cewa amfanin bai kai kuɗin ba. A ganina wannan lissafi bai auna darajar ƙasar da za a hana mutane nomawa ba, kuma ya ɗora nauyi mai yawa a kan tafki guda wanda, a ranar da za a fi buƙatarsa, mai yiwuwa ya riga ya tafasa.