Hasumiyar Agadas

Da hutun damina muka ɗebi iyali sai Agadas, birnin Abzinawa. Zafi ya gallabi yara, amma da muka tsaya gindin hasumiyar babban masallaci sai kowa ya yi tsit. Wajen 1515 aka gina ta, zamanin da Askiya Muhammadu ya ci garin, aka sabunta ta a 1844. Tsawonta mita 27, kuma zallar ƙasa ce. Itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikinta su magina ke takawa in za a yi mata yaɓe. Autanmu ya tambaye mu abin da ya hana ganuwar Kano samun irin wannan gata. Muka yi ta 'yan kame-kame, mu da ke koyar da tarihi.