Camille du Gast: Matar Da Ta Ci Tsere Bayan Jirgin Ta Ya Nutse

Mai karatu, da a ce a fim ka ga jaruma ta ci tseren jirgin ruwa alhali jirgin nata ya na ƙarƙashin teku, da ka ce darakta ya zuba ƙarya. To amma hakan ya taɓa faruwa, kuma ga tarihin.

Sunan matar Camille du Gast, 'yar Faransa, an haife ta a birnin Paris cikin 1868. Da tseren mota ta fara. A 1903 ta shiga gasar Paris zuwa Madrid, ta na cikin na gaba-gaba sai ta tarar da wani direba, Phil Stead, motar sa ta kife da shi. Ta taka birki ta tsaya ceton ran sa, abokan takara su ka yi ta wuce ta.

Me aka saka mata da shi? A 1904 sai aka haramta wa mata tseren mota a Faransa. Bahaushe ya ce in hagu ta ƙiya a koma dama. Baiwar Allah sai ta koma ruwa.

A watan Mayu na 1905 jaridar Le Matin ta shirya tseren ƙananan jiragen ruwa masu inji daga birnin Aljiyas na Aljeriya zuwa Toulon a Faransa, wato a ƙetare Bahar Rum. Kai mutumin Ungogo da ka saba da rafi da kududdufi, auna ka gani: tafiyar ta fi nisan Kano zuwa Sakkwato, kuma duk ruwa ne zalla. Jirage bakwai su ka tashi, har da nata mai suna Camille. A zangon farko, zuwa tsibirin Minoka, ita ce ta zo ta biyu.

A zango na biyu ne guguwa ta taso, teku ya haukace. Babu jirgi ko ɗaya da ya isa Toulon da kan sa. Sojojin ruwan Faransa da ke rakiya ne su ka tsamo ta da ƙyar, jirgin ta kuma ya nutse. Bayan wata biyu aka ce ita ce ta yi nasara, domin ta fi kowa kusantar gaci.

Daga baya ta zaga Maroko a kan doki, ta kuma shugabanci ƙungiyar kare dabbobi ta Faransa. Ta rasu a 1942. Marubutan mu masu kukan ƙarancin labari, ga ɗanyen nama nan, saura mai gashi.