Asalin Sanin Cutar Batten

A shekarar 1826, a garin Røros na ƙasar Norwe, inda ake haƙar tagulla a wancan lokaci, likita Otto Stengel ya rubuta labarin yara huɗu 'yan gida ɗaya, waɗanda aka haifa lafiya lau, amma da suka kai kimanin shekara shida ganinsu ya dushe, farfaɗiya ta kama su, magana da hankali suka yi ta raguwa har ajali ya riske su. Masana likitanci ba su farga da bayaninsa ba, sai a 1903 Frederick Batten na Ingila ya sake siffanta cutar, aka laƙaba mata sunansa. An gano ƙwayar gadonta a 1995, amma har yau jinya da haƙurin iyaye ne madogara. Allah Ya saka musu da alheri.