Rigimar da ta haifi fuskokin Linux: ka san tarihinsu kafin ka zaɓa



Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu laftof 'yan kwatano suke ta zuwar min shago da magana ɗaya: "Ta ƙi karɓar Windows 11, ya zan yi?" Sai in ce a gwada Linux, kyauta ce, kuma ba ta raina tsohuwar na'ura. To mutum yana zuwa saukewa sai ya ga Ubuntu, Kubuntu, Xubuntu, Lubuntu, ga Mint kala uku. Nan take kansa ya ɗaure.

Bari mu fara da wayar hannunka. Tecno tana zuwa da HiOS, Infinix da XOS, Samsung da One UI. Duk Android ne a ciki, fuska ce ta bambanta: inda saiti yake, yadda gumaka suke, yadda sanarwa ke saukowa. Haka Linux take a kwamfuta. Injin ɗaya ne, fuskokin ne da yawa. Kuma kusan kowace fuska rigima ce ta haife ta. In ka san rigimar, za ka gane wadda aka yi domin kai.

RIGIMAR FARKO: LASISI

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. A shekarun farko yawancin aiki rubuta umarni ake yi a baƙin allo. Tagogi akwai su, amma kowace manhaja da nata salon, ba ruwan wata da wata.

A Oktoba 1996 wani ɗalibi a Jami'ar Tübingen ta Jamus, Matthias Ettrich, ya yi shelar neman masu taya shi gina fuska guda mai tsari ɗaya, wadda wanda bai ƙware ba ma zai iya amfani da ita. Ita ce KDE. Ya gina ta da kayan aiki mai suna Qt, na kamfanin Trolltech da ke Norway. Qt yana da kyau, sai dai a lokacin lasisinsa bai bai wa kowa 'yancin gyarawa da rabawa yadda ya ga dama ba.

Nan aka ja daga. Wasu suka ce ai wannan gini ne a filin aro, ranar da mai fili ya canza ra'ayi shi ke nan. A Agusta 1997 matasa biyu 'yan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME a kan GTK, kayan aikin da aka ƙera tun farko saboda manhajar gyaran hoto ta GIMP. KDE 1.0 ta fito a 1998, GNOME 1.0 a 1999. A shekarar 2000 Trolltech ta saki Qt a ƙarƙashin lasisin GPL, wato dalilin faɗan ya kau. Amma aikin gama ya gama, kowane ɓangare ya tara jama'arsa.

Daga nan halinsu ya rabu. KDE ta ce a ba mutum damar juya komai. GNOME, musamman daga GNOME 2 ta 2002, ta ce a rage maɓallai kada a rikita mutum. Har yau haka suke.

Ga wani abin da ba kowa ya sani ba. Mutanen KDE sun rubuta injin buɗe shafukan intanet mai suna KHTML. Apple ta ɗauke shi ta yi WebKit na Safari, Google kuma ta cire Blink daga WebKit a 2013. Ke nan Chrome ɗin da ke wayarka jikan KDE ne. Ita kuwa Trolltech, Nokia ce ta saye ta a 2008.

MASU TAUSAYIN TSOHUWAR NA'URA

Ana can ana wannan, wani Bafaranshe, Olivier Fourdan, ya fara Xfce a 1996. Ba ta cika kwalliya ba, ba ta cin RAM sosai, alamarta ma ɓera ne. A 2006 Hong Jen Yee na Taiwan ya kawo LXDE, wadda ta fi Xfce rashin nauyi. Daga baya aikinsa ya haɗu da na Razor-qt aka samu LXQt, wadda Lubuntu ke amfani da ita yanzu.

RIGIMA TA BIYU: "KU MAYAR MANA DA TSOHUWAR FUSKA"

Duk mai gyaran waya ya san wannan. Kwastoma zai zo ransa a ɓace, waya ta sabunta kanta cikin dare, komai ya canza wuri, ya ce a mayar masa yadda take. Sau da yawa sai dai in ba shi haƙuri, don kamfani ya rufe ƙofar komawa baya.

Irin haka ta faru a Linux. A Janairu 2008 KDE 4.0 ta fito ba ta gama nuna ba, tana yawan tsayawa, mutane da dama suka gudu. A Afrilu 2011 GNOME 3 ta fito ta share jerin manhajoji da layin tagogin da aka saba da su, ta kawo tsari mai kama da na allon taɓawa. A watan dai Ubuntu, ta Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, ta mayar da tata fuskar mai suna Unity ta zama ta gaba. Shi kansa Linus Torvalds ya fito fili ya soki GNOME 3, ya koma Xfce na wani lokaci.

To ga inda Linux ta bambanta da waya. Tunda rubutun manhajar a buɗe yake, kuma lasisi ya yarda, wanda bai gamsu ba yana iya kwafa ya ci gaba da nasa. Wani ɗan Ajantina ya ɗauki GNOME 2 ya ci gaba da raya ta da sunan MATE, sunan wani ganyen shayi da ake sha a ƙasarsu. Mutanen Linux Mint ƙarƙashin Clement Lefebvre suka ɗauki sabon injin GNOME 3 suka ɗora masa tsarin da aka saba, suka kira shi Cinnamon, wato kirfa. Duka biyun a 2011. Masu son KDE 3 ma sun riƙe tasu da sunan Trinity.

Unity fa? Burin Ubuntu shi ne fuska ɗaya ta yi aiki a waya da kwamfuta. Wayar ba ta samu kasuwa ba, a 2017 suka haƙura suka koma GNOME. Ita kuma KDE ta gyara kurakuranta, Plasma 5 ta fito a 2014, Plasma 6 a 2024, har na'urar wasan Steam Deck da ita take zuwa.

TO WACCE ZAN ƊAUKA?

Duba RAM ɗinka tukuna, sannan ka duba abin da hannunka ya saba.

1. RAM 2GB, ko tsohuwar laftof mai nishi: LXQt ko Xfce, wato Lubuntu, Xubuntu ko Mint Xfce.
2. RAM 4GB zuwa sama, kuma daga Windows ka fito: Cinnamon, wato Linux Mint. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda ka san shi.
3. In kai mai son taɓe-taɓe ne, irin masu canza fuskar waya duk mako: KDE Plasma, wato Kubuntu.
4. In waya ka fi sabawa da ita, kuma kana da RAM 8GB: GNOME, wato Ubuntu ko Fedora.
5. In tsohon tsari mara hayaniya kake so: MATE.

Amma ka sani, fuska mara nauyi ba ta hana burauza cin RAM. Ka buɗe shafi goma a 2GB, dole ta yi nauyi ko wace fuska ce.

Kuma kada ka goge komai tukuna. Sa Linux ɗin a filas, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka gwada Wi-Fi, sauti da madannai ba tare da ka girka ba. In za ka girka, kwashe hotuna da takardunka zuwa wani wuri. Na ga wanda ya rasa aikin makarantarsa na shekara guda saboda gaggawar danna "goge faifai".

'Yan uwana masu gyara, ku lura: yawancin manhajojin akwatunan filashin na Windows ne. ADB da fastboot suna aiki lafiya a Linux, amma kada ka share Windows a kwamfutar da kake cin abinci da ita. Raba faifan biyu, ko ka fara da wata tsohuwa da ke ajiye.

In ka zaɓi fuska ba ta yi maka ba, ka canza wata, ba wanda zai tambaye ka kuɗin lasisi. Ku rubuto min samfurin laftof ɗinku da yawan RAM, in sha Allahu zan faɗa wa kowa wadda za ta fi dacewa da shi.