Hasumiyoyi Uku na Birnin Gent

Wanda ya tsaya a kan gadar Sint-Michiel a tsakiyar birnin Gent na ƙasar Beljiyam, ya fuskanci gabas, zai ga hasumiyoyi uku sun jeru kamar an auna su da igiya. Ta farko ta majami'ar Sint-Niklaas ce, wadda aka gina da dutsen Tournai mai launin toka a ƙarni na 13. Ta ƙarshe ta babbar majami'ar Sint-Baafs ce, mai tsawon mita 89. Ta tsakiya kuwa ba ta limamai ba ce, ba ta sarki ba ce. Ta mutanen gari ce, kuma ta fi sauran tsawo: mita 91.

Kuɗin saƙa ne suka gina ta. A ƙarni na 14 Gent na sayo gashin tumaki daga Ingila, masaƙanta su mai da shi yadi, fatake su bi kogunan Leie da Schelde da shi zuwa kasuwannin Turai. Da arziki ya zauna, sai attajirai suka ga bai kamata ƙararrawar coci ta riƙa tashe su ba. Aka fara ginin a 1313, aka kammala wajen 1380, aka ɗora dodo mai fukafukai, shafe da zinariya, a ƙololuwa. Masu gadi na kwana a sama suna hangen gobara da abokan gaba. Ƙararrawar da ake kira Roeland ce ke tara jama'a. A ƙasa kuma akwai ɗakin da ake ɓoye takardun 'yancin birnin, waɗanda, a ganina, sun fi dodon daraja.

Sarki Charles na Biyar ɗan garin ne. A nan aka haife shi a 1500. Amma da mutanensa suka ƙi biyan harajin yaƙi, sai ya shigo da sojoji a 1540, ya soke takardun, ya sa manyan gari suka zo neman gafara ba takalmi, wasu da igiyar rataya a wuya. Ya so ya wulaƙanta su, su kuwa suka mai da abin kirari: har yau 'yan Gent na kiran kansu Stroppendragers, wato masu igiya a wuya.

Majami'ar Sint-Michiel da ke gefen gadar ita ma ta so shiga sahu da hasumiya mai mita 134. Kuɗi suka ƙare, ta tsaya guntuwa, aka yi mata rufi a haka.