Karanta Sakamakon Gwajin Jini Ga Magidanta Masu Kukan Kasala da Raguwar Sha'awa: Matsayin Testosteron

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ya kamata a karanta takardar gwajin jinin namiji mai shekara 40 zuwa 60 da ya zo asibiti da kukan kasala da raguwar sha'awar iyali. An bi manyan binciken da aka wallafa daga 2010 zuwa 2023 tare da ƙa'idojin ƙungiyoyin likitoci, aka auna su da yanayin marasa lafiya a ƙasar Hausa. Abin da ya bayyana shi ne, awon testosteron sau ɗaya bai isa hujja ba, kuma saukarsa a waɗannan shekaru galibi alama ce ta wata cutar da ke ɓoye.

Gabatarwa

Magidanci ba ya saurin kai wannan kuka gaban likita. Kafin ya zo ya sha maganin basir, ya sha na sanyi, wataƙila ya tsaya wurin mai tallar maganin ƙarfin maza a tasha. Idan ya zo ma, da "jikina ya mutu" yake farawa, sai an ja shi da hira sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, harkar iyali ma ta ja baya." Yanzu da ɗakunan gwaji masu zaman kansu suka yawaita a birane, wasu kan iso da takarda a hannu, an ja layi a ƙarƙashin lamba ɗaya, suna neman a rubuta musu allura. Tambayar wannan nazari ita ce: me wannan lamba take nufi, kuma me ya kamata a duba kafin a yarda da ita?

Lokacin ɗibar jini da maimaita awo

Testosteron ba ya zama wuri ɗaya a jini. Yakan hau lokacin barci, ya kai ƙololuwa da safe, ya riƙa sauka zuwa yamma. Abinci ma yana saukar da shi: binciken Caronia da abokan aikinsa na 2013 ya nuna shan giram 75 na gulukos yana rage shi da kusan kashi 25 cikin ɗari. Zazzaɓi da duk wani ciwo mai tsanani suna danne shi na ɗan lokaci, don haka jinin da aka ɗiba a makon da mutum ke fama da maleriya ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar Endocrine Society ta 2018 ta sharɗanta abu uku: alamomin cuta a jikin mutum, awo da safe ciki ba komai, da kuma maimaita awon a wata ranar. Kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda awon farko ya nuna ƙaranci, awo na biyu kan fito lafiya lau. Mai gadi da direban dare, waɗanda rana ce lokacin barcinsu, bayan sun farka ya kamata a ɗibi nasu.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shekara 48, mai tumbi, wanda aka ɗibi jininsa ƙarfe uku na rana bayan ya ci shinkafa ya kora da lemo. Takarda ta nuna 9.5 nmol/L. Wani ɗakin gwajin zai rubuta wannan adadi 274 ng/dL, wani kuma 2.7 ng/mL, duk abu ɗaya ne, tunda 1 nmol/L ya yi kusan 28.8 ng/dL. A ma'aunin ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, wadda ta sa iyaka a 300 ng/dL, ya faɗi. A ma'aunin da Travison da abokan aikinsa suka daidaita a 2017, wato 264 zuwa 916 ng/dL, ya tsallake da ƙyar. Amma a gaskiya wannan takarda ba ta ce komai ba tukuna, saboda an saɓa lokaci, an saɓa sharaɗin yunwa, kuma awo ɗaya ne tak.

Akwai kuma abin da marasa lafiya da yawa ba su sani ba. Iyakar da ake bugawa a gefen takarda an gina ta ne a kan kashi 95 cikin ɗari na masu lafiya. Idan aka yi wa lafiyayyen mutum gwaji 20 da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita daga iyaka ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Yawan gwaji ba tare da tambaya takamaimai ba yana haifar da fargaba da ɓarnar kuɗi.

Jimilla da sakakke

Mafi yawan testosteron na jini a ɗaure yake da furotin biyu, SHBG da albumin; sakakken bai wuce kusan kashi 2 cikin ɗari ba. Ƙiba, ciwon suga da raunin tayirod suna rage SHBG, sai jimillar ta yi ƙasa alhali sakakken yana iya zama daidai. Tsufa, ciwon hanta, cutar ƙanjamau da wasu magungunan farfaɗiya suna ɗaga SHBG, sai jimillar ta yi kyau a takarda alhali abin da jiki ke amfana da shi kaɗan ne. Wannan yanayi na biyu ya shafe mu ƙwarai, ganin yadda ciwon hanta nau'in B ya yaɗu a Afirka ta Yamma. Idan jimillar ta tsaya a gefen iyaka, ana auna SHBG da albumin a lissafa sakakken da tsarin Vermeulen na 1999.

Idan ƙarancin ya tabbata, sai a nemi inda matsalar take. LH da FSH su ne umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina; idan sun yi yawa, suna nuna maraina ne suka gaza. Idan kuwa sun yi ƙasa, ko suna tsaka-tsaki duk da ƙarancin, to umarni ne ba ya saukowa daga ƙwaƙwalwa, kuma a nan ake auna firolaktin da feritin. Firolaktin mai yawa, ko testosteron ƙasa da 150 ng/dL, ko ciwon kai da raunin gani, suna wajabta hoton ƙwaƙwalwa don neman ƙari a fitiyutari, inda wannan umarni ke fitowa.

Kasala da sha'awa ba tafiyarsu ɗaya ba

A nan ne mafi yawan kuskure yake. Binciken EMAS, wanda Wu da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, ya duba maza 3,369 masu shekara 40 zuwa 79 a cibiyoyi takwas na Turai. Alamomi uku ne kawai suka tafi tare da ƙarancin testosteron a dunƙule: raguwar miƙewar gaba da asuba, raguwar tunanin jima'i, da raunin mazakuta. Da aka haɗa su da jimilla ƙasa da 11 nmol/L da sakakke ƙasa da 220 pmol/L, kashi 2.1 cikin ɗari ne kacal suka cika sharaɗin. A tsakanin 'yan shekara 40 zuwa 49 kuwa, kashi 0.1 ne. Gwajin da Snyder ya jagoranta, wanda ya fito a 2016, ya ba maza 790 'yan shekara 65 zuwa sama ko dai man testosteron ko man bogi har shekara guda. Sha'awa ta ɗan ƙaru, amma a babban ma'aunin kuzari ba a ga bambanci mai ƙarfi ba. Ke nan wanda kasala ce babban kukansa, da wuya testosteron ya zama amsarsa, kuma wanda ya tsaya a kansa ya bar jaki yana dukan taiki.

Saboda haka sauran layukan takardar sun fi cancantar a fara da su. Himoglobin ƙasa da 13 g/dL ƙarancin jini ne ga namiji a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Namiji ba ya haila, don haka ƙarancin ƙarfe a jikinsa yana nufin jini na zuba ta wani wuri har sai an tabbatar da akasin haka: gyambon ciki, yawan shan diklofenak da ibuprofen, tsutsar ciki, tsargiya, ko sankarar hanji. Ba shi maganin ƙarin jini a sallame shi ba tare da an binciki mafarin ba sakaci ne. Feritin kuma, awon ƙarfen da jiki ya adana, yakan hau idan akwai kumburi ko zazzaɓi, sai ya ɓoye ƙarancin.

Suga na azumi 7.0 mmol/L, ko HbA1c 6.5 cikin ɗari zuwa sama, yana nuna ciwon suga, wanda ke haddasa kasala da raunin mazakuta a lokaci guda. Sai dai HbA1c yana dogara da tsawon rayuwar jan ƙwayar jini, don haka ba a amince masa ga mai sikila ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Ga mai AS ma, wanda kusan ɗaya ne cikin kowane mutum huɗu a Nijeriya, wasu na'urorin kan ba da adadin da ba daidai ba. TSH na tayirod, kiretinin na ƙoda da gwajin hanta suna cike jerin.

Wasu dalilan ba sa fitowa a jini ko kaɗan, sai a hira. Tramadol da kodin suna danne umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi da tallafin ofishin UNODC ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Abin tausayi, wasu don jinkirin kawowa suke shan tramadol ɗin, yana kuma kashe musu sha'awa a hankali. Wasu magungunan hawan jini, simetidin da magungunan damuwa suna taɓa mazakuta. Leproult da Van Cauter sun nuna a 2011 cewa barcin awa biyar na mako guda ya rage testosteron na samari da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Mai tumbi mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, matarsa ce za ta ba da labarin da takarda ba ta da shi. Ciwon damuwa, nauyin bashi da rashin jituwa a gida duk suna cikin lissafi, kuma raunin mazakuta kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru, don haka awon hawan jini da kitsen jini dole ne.

Kafin a rubuta allura

Testosteron daga waje yana rufe LH da FSH, maniyyi ya ragu ƙwarai, wani lokaci ƙwayoyin haihuwa su ɓace gaba ɗaya. A al'ummar da ɗan shekara hamsin ke ƙara aure yana fatan haihuwa, ɓoye masa wannan bayani zalunci ne. Maganin yana kuma kaurara jini, shi ya sa ake auna PCV, wato kaurin jinin, da kuma PSA na furostet kafin a fara, a dakata idan PCV ya haura 54. Gwajin TRAVERSE na 2023, mai maza sama da 5,000 'yan shekara 45 zuwa 80, bai ga ƙarin manyan cututtukan zuciya ba, amma ya ga ƙarin rikicewar bugun zuciya, gudan jini a huhu da raunin ƙoda na farat ɗaya. Ga wanda maraina ko fitiyutari suka gaza da gaske, maganin alheri ne babba kuma bai kamata a hana shi ba. Ga mai ƙiba kuwa, rage nauyi kaɗai yana ɗaga testosteron ɗinsa.

Iyakokin da muke aiki da su an gina su ne a kan mazan Turai da Amurka. Muna kira ga asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai su haɗa hannu su fitar da ma'auni daga jinin mazanmu. Kafin nan, kowane ɗakin gwaji ya riƙa rubuta ƙarfe nawa aka ɗibi jini da ko mutum ya ci abinci, kuma kada likita ya rubuta testosteron a kan awo ɗaya.