Ƙanen Karfasa a Turai

Mu da muka tashi a Kazaure, karfasa ba baƙuwarmu ba ce. Muna yara mukan tsaya bakin dam muna kallon masunta suna fid da ita daga koma, wata ma bakinta cike da ƙwai, domin a nan take renon 'ya'yanta. Amma sai da na zo jami'a na ji cewa tana da ƙane wanda ya yi suna a Turai.

Wani ɗan kifi ne na rafukan kudancin Nijeriya, tsawonsa bai wuce inci 5 ba. A 1901 wani masani a London, watau Boulenger, ya rubuta siffarsa. A 1913 aka kai shi Jamus da ransa. Har yau Turawa suna kiwonsa cikin akwatin gilashi mai ruwa da tsirrai, suna ce masa kribensis. Da jan ciki ake gane macen. A ɗan kogo take zuba ƙwai, kana uwa da uba su yi gadin 'ya'ya tare.

To, 'yan'uwa ɗalibai, su dai sun rubuta. Mu fa? Tsofaffin masuntan ƙasar Kazaure suna ta ƙarewa, iliminsu yana binsu kabari. Hutun bana zan je musu da alƙalami da takarda.